Neman Fitilar Murjani a Birnin Landan

Ɗan'uwa, ka tambaye ni abin da na gano a Landan, na kuma san kana jiran labarin fadar sarki ne da gadar nan da ke buɗewa jirgin ruwa ya wuce. Duk na gan su, sai dai ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Abin da ya fi cin lokacina a can shi ne raka ɗan ƙanwata neman fitila, wadda za a rataya a kan wani akwatin gilashi mai ruwan gishiri domin waɗansu halittun teku su rayu a cikin falonsa. Na san za ka ce wannan kuma wane irin aiki ne. Ni ma haka na ce da farko. Gyara zama ka ji yadda aka yi.

Daga Kano na bi mota zuwa Abuja, daga nan jirgi ya ɗauke mu tafiyar awa shida da 'yan kai zuwa filin jirgin sama na Heathrow. A watan Disamba ne. Na baro hunturu a gida ina ganin na san sanyi, ina fitowa ƙofar filin jirgin iska ta sanar da ni cewa akwai sauran karatu. Ɗan nawa ya zo da wata ƙatuwar rigar sanyi ya yafa mini, ya karɓi jakata, muka gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muka yi ta sauka muna sake hawa har muka tsallaka kogin Thames zuwa kudancin birnin, kusa da unguwar Peckham, inda 'yan Najeriya suka yi yawa har za ka ga doya da manja a bakin titi.

Sanyi dai an gaya mini labarinsa tun a gida. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne duhu. A wannan watan rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Tsakanin nan ma ba ta hawa tsakiyar sama, can gefe take rakuɓewa a bayan gajimare. Kana idar da azahar la'asar ta kawo jiki, kana shafa addu'ar la'asar an kira magariba. Mu da ko a mafi gajartar yini muke samun fiye da awa goma sha ɗaya na rana, ba mu san haske abu ne da ake ƙishirwarsa ba. A can na fara fahimtar dalilin da ya sa mutanen ƙasar suka ƙware wajen aunawa da sarrafa shi.

Muna shiga falon, idona ya sauka a kan akwatin. Tsawonsa santimita 90, faɗi da zurfi 45 kowanne, yana cin ruwa kimanin lita 180. A ciki an jera duwatsu masu ramuka, 'yan kifaye masu ratsin fari da ruwan goro suna kai da komo, a kan duwatsun kuma ga waɗansu abubuwa iri-iri: wani mai rassa, wani shimfiɗaɗɗe, wani yana lilo da motsin ruwa. Na tambayi ɗan nawa ko furannin roba ne aka sa don ado. Ya ce, "Kawu, duk masu rai ne. Murjani ke nan." Ya nuna mini ma'ajin da ke ƙarƙashin akwatin, cike da famfuna da matatai da na'urar ɗumama ruwa. Ruwan ma ba daga teku aka ɗebo shi ba. Ruwan famfo ake tacewa tas, a zuba masa gishiri na musamman kimanin giram 35 a kowace lita, daidai da na teku, a kuma riƙe ɗuminsa a wajen digiri 25 zuwa 26 dare da rana.

Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuyan iyayenmu mata da na kayan lefe, ban taɓa kawowa a raina cewa dabba ce ke gina shi ba. Ashe wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne, kowace da bakinta da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna zaune dubbai a haɗe, suna tsotso sinadarin alli daga ruwa suna gina ƙashi a ƙarƙashinsu. Wannan ƙashin ne ke taruwa shekaru aru-aru ya zama tuddai a cikin teku, irin wanda ya miƙe kimanin kilomita 2,300 a gaɓar Ostireliya. Jan da muke sawa a wuya, asalinsa daga Bahar Rum yake, kuma shi yana zama ne a cikin kogunan dutse da wurare masu zurfi, bai damu da haske ba. Waɗanda ke cikin akwatin ɗan nawa kuwa 'yan ruwa mai ɗumi ne marar zurfi, kuma haske shi ne abincinsu.

Na ce dabba ta ci haske? Ya ce a cikin naman jikin murjanin akwai waɗansu ƙwayoyin tsiro dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke karɓar haske su haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, su miƙa wa murjanin kaso mafi tsoka na abin da yake rayuwa da shi. Shi kuma ya ba su mafaka, ya ba su dattin jikinsa su yi taki da shi. Nan take na tuna zaman manomi da makiyayi bayan girbi a da: shanu su ci kara a gona, su bar wa gonar taki, kowa ya tashi da riba. To idan haske ya yi ƙaranci, murjani ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, ya daina girma. Idan kuma ya yi yawa, musamman in ya haɗu da zafi, 'yan tsiron su fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinsu, shi kuma ya kore su. Sai ka ga murjani ya yi fari fat, ƙashinsa ya bayyana ta cikin nama, in ba a yi sa'a ba yunwa ta kashe shi.

Damuwar ɗan nawa ita ce fitilar da ya fara da ita ta yi masa kaɗan. Ta ishi murjani masu laushi marasa ƙashi, amma yanzu yana son ya gwada masu rassa da ake kira Acropora, waɗanda su ne suka fi kowanne son haske, suka kuma fi saurin fushi. Ya daɗe yana tara kuɗi, ga shi fitilar kirki takan ci ɗaruruwan fam. Ranar Asabar da safe muka ɗauki jirgin ƙasa zuwa bayan gari, muka sake hawa bas, muka sauka a wata unguwar masana'antu mai shiru, ana yayyafi. Shagon yana cikin wani dogon gini mai kama da sito, ba ko allon kirki a ƙofa.

Da muka tura ƙofar sai na tsaya cak. Komai na ciki shuɗi ne: bango, ruwa, har fuskokin mutane. Ɗumi da ƙanshin gishiri suka buge ni, ƙarar famfuna ta cika kunne. An jera faffaɗan kwatamai marasa zurfi, a cikinsu ɗaruruwan 'yan gutsattsarin murjani, kowanne bai fi kan yatsa ba, an manna shi a kan ɗan faifan tangaran. Yawancinsu ba daga teku aka yanko su ba, daga akwatin wani mai kiwo aka gutsuro, kamar yadda za a gutsuro daga nasu nan gaba. Mai shagon, wani dattijon Bature mai jiƙaƙƙen hannun riga, ya miƙo mini tabarau mai gilashi ruwan goro ya ce in leƙa. Ɗan'uwa, ban san Allah ya halicci launuka irin waɗannan ba. Kore mai walƙiya, ja mai ƙuna, ruwan hoda, duk suna ƙyalli kamar wutar daga cikinsu take fitowa. Aka ce mini wasu sinadarai ne a jikin murjanin da ke haɗiye shuɗin haske su mayar da shi wani launi, tabarau ɗin kuma tace shuɗin kawai yake yi domin ido ya ga sauran.

Na tambayi dattijon dalilin wannan shuɗi, ko kwalliya ce kawai. Ya ce kwalliyar ta biyo baya ne. Hasken rana da muke gani fari, launukan bakan gizo ne a haɗe, ruwan teku kuma ba ya barin su wuce daidai wa daida. Ja ne ke fara ɓacewa, kafin a nutsa mita 10 ya kusan ƙarewa. Ruwan goro da rawaya su bi bayansa. Shuɗi ne ke kutsawa can ƙasa. Saboda haka 'yan tsiron da ke jikin murjani sun fi iya cin shuɗi da shunayya, wato hasken da masana ke auna zangonsa tsakanin nanomita 400 da 500. Shi ya sa in ka ɗaga kai ka dubi cikin fitilar za ka ga yawancin 'yan ƙwayayenta shuɗaye ne masu zango wajen 450, sai 'yan shunayya, sai farare da ɗan kore da ja kaɗan domin kifi ya fito da kamanninsa a idon mai kallo.

Ka san yadda muke sayen ƙwan fitila a kasuwa: ka tambayi wat nawa ne, mai kaya ya kunna maka, in ya kashe maka ido ka ce wannan yana da kyau. Na yi wa dattijon irin wannan tambayar. Ya ce wat yana gaya maka wutar da fitila ke ci ne kawai, ba ya gaya maka abin da ya isa jikin murjani. Idonka kuma ba alƙali ba ne a nan, domin idon ɗan Adam ya fi jin kore da rawaya, shuɗi kuwa yana ganinsa da rauni. Fitila tana iya yi maka kama da mai dishi-dishi alhali tana gasa abin da ke ƙarƙashinta. Ya ce yawancin waɗanda suka yi asarar murjani bayan sauya fitila, wannan ne ya ci su: suka ga kamar hasken bai kai ba, suka ƙara.

Daga nan ya ɗauko wata na'urar awo mai ɗan kai kamar murfin kwalba a bakin sanda, ya tsoma a ruwa. Abin da take aunawa suna kiransa PAR, wato yawan hasken da tsiro zai iya amfani da shi, tsakanin nanomita 400 da 700, wanda ke sauka a kan wuri cikin kowace daƙiƙa. Tsakar rana a ƙasashe masu zafi irin namu, a sarari, lambar takan kai wajen 2,000. Masu kiwo sun saba ba murjani masu laushi da masu kaurin nama tsakanin 50 da 150, masu rassa kuma tsakanin 200 da 350. Ya riƙa matsar da sandar a hankali ina kallon lambar: daidai ƙarƙashin fitila ta haura, ya gusa taƙi ɗaya gefe ta faɗo, ya nutsa ƙasa ta ƙara faɗowa, ya sa ta a inuwar wani reshe ta kusan ƙarewa. Ni kuwa a idona ruwan duk haskensa ɗaya. Wannan ya girgiza ni ƙwarai.

Muna shan shayi ya ba mu tarihin fitilun. A da, manyan ƙwayaye ake ratayawa masu cin wat 250 ko 400, irin dangin na filin ƙwallo. Murjani na son su, amma suna dafa ruwa har sai an sayi na'urar sanyaya shi, ga kuɗin wuta. Sai aka yi yayin siraran dogayen ƙwayaye da ake kira T5, masu baza haske ko'ina daidai, sai dai kusan duk shekara sai an sauya su saboda ƙarfinsu na raguwa. Fitilar LED ta daɗe a duniya ja da kore, shuɗiya mai ƙarfi ce ta gagara, har sai farkon shekarun 1990 da wasu Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci nasarar ƙera ta. A 2014 aka ba su lambar yabo ta Nobel a kan wannan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jin cewa farin ƙwan LED ma shuɗi ne a asali, wani rawayan sinadari aka shafa masa ya koma fari. Ashe tocilan da ke aljihunka, da fitilar sola da mai shayi ke kunnawa a bakin titi, da fitilar murjanin nan, duk gidansu ɗaya.

Sai aka zo zaɓe. Ɗan nawa ya riga ya ƙyalla ido a kan wata babba guda ɗaya mai ƙarfin gaske. A kan kantar shagon ga sunaye iri-iri, Radion, Kessil, Hydra da sauransu, kowace da masoyanta. Dattijon bai yabi wata ya kushe wata ba, tambayoyi ya jero. Me kake kiwo yanzu, me kake son kiwo baɗi? Nawa ne tsawon akwatin da zurfinsa? Ina duwatsun suka fi tudu? Da ya ji amsa sai ya ce fitila ɗaya irin wannan takan wadatar da fili kamar santimita 60 ne a kowane gefe, a akwati mai 90 kuwa tsakiya za ta ƙone, kusurwoyi su zauna a duhu. Ga kuma matsalar inuwa: hasken da ke fitowa daga wuri ɗaya saman reshe kawai yake samu, ƙasan reshen ya yi ta mutuwa a hankali yayin da murjanin ke girma. Shawararsa ita ce matsakaita guda biyu, a jera su, haskensu ya haɗu a tsakiya ya shigo wa kowane reshe ta ɓangare biyu, kuma kada a taɓa buƙatar kunna su har ƙarshen ƙarfinsu.

Ya ƙara da abubuwan da ido ba ya kaiwa gare su a ranar saye. A duba yadda fitila ke fitar da zafinta, domin masu ƙera ta kan yi alƙawarin awa 50,000, amma zafi da gishirin da ke taruwa a fanka su ne ke rage mata kwana. A duba ko launukan suna gaurayuwa kafin su isa ruwa, kada a ga ɗigon ja nan, na kore can, suna rawa a kan yashi. A tabbatar ana iya rage ƙarfinta da ƙara shi sannu a hankali, ana kuma samun kayan gyaranta in ta lalace. Ɗan nawa ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce, "Kawu, ka ga biyun nan sun fi ɗayar tsada kaɗan, amma maganarsa gaskiya ce." Muka saya, muka kuma yi hayar na'urar awon, domin ita kanta kuɗinta ya kusa na fitila.

A bas ɗin komawa zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na riƙa auna kuɗin kwalayen da ke kan cinyarmu da buhunan masara, ina tuna gidajen da na sani. Na gaya masa haka. Bai yi musu ba, ya ce akwai inda yake so ya kai ni kafin in yanke hukunci.

Inda ya kai ni shi ne gidan adana kayan tarihi na Horniman, a kan wani tudu a unguwar Forest Hill. Wani attajirin mai fataucin ganyen shayi, Frederick Horniman, shi ya gina shi, aka buɗe a 1901. Daga lambunsa kana hango dogayen gine-ginen tsakiyar Landan. Wannan gidan ne a 2022 ya amince ya mayar wa Najeriya mallakar kayayyaki 72 da sojojin Ingila suka kwaso daga birnin Benin a 1897. A ƙasan ginin akwai ɗan ƙaramin gidan kifi, kuma a nan aka yi wani aiki da ya zaga duniyar masana teku.

Ga yadda abin yake. A teku, murjani masu rassa sukan saki ƙwayayen haihuwarsu ne sau ɗaya a shekara, dukkansu tare, cikin 'yan darare bayan wata ya cika. A gaɓar Ostireliya hakan na faruwa wajen Oktoba zuwa Disamba. Ba su da ido irin namu, amma suna jin ɗumin ruwa yana hawa, suna jin tsawon yini, suna jin lokacin faɗuwar rana da hasken farin wata. An daɗe ana ganin ba za a iya sa su yin haka da gangan a cikin akwati ba. Wani ma'aikacin gidan mai suna Jamie Craggs da abokan aikinsa suka ɗauki bayanan yanayin tekun Ostireliya da na Singafo suka ɗura wa kwamfuta, ita kuma ta riƙa juya fitilun LED da ɗumin ruwa: fitowar rana, tsakar rana, faɗuwarta, jinjirin wata, cikarsa, duhunsa, watanni a jere, a ɗakin da aka toshe duk wata kafar hasken waje. A 2013 murjani suka haihu a kudancin Landan. A 2019 gidan kifi na Florida a Amurka ya bi wannan hanyar ya samu haihuwar wani murjanin tekun Atlantika da cuta ke neman ƙararwa. Kayan aikin kuwa dangin waɗanda muka gani a shago ne, na masu kiwo a gida.

A nan na gane abin da ɗan nawa ke nufi. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku na dogara da su, haka ma miliyoyin masunta. Ɗumamar teku na sa su yin farin nan da na gaya maka. Na gaɓar Ostireliya sun yi shi gadan-gadan a 1998, da 2002, da 2016, da 2017, da 2020, da 2022, da 2024. Ilimin raya su a tsare da hayayyafa su domin a mayar teku, kaso mai yawa nasa daga hannun masu akwati a falo ya fito, mutanen da suka yi shekaru suna gwaji da kuɗin aljihunsu. Damuwata game da kuɗin ba ta tafi duka ba, amma na daina kallon abin a matsayin wasan masu hali kawai.

Daren nan muka rataya fitilun, kamar santimita 25 sama da ruwa. Ni na riƙe sandar awo, shi yana rubutawa. Muka zana akwatin a takarda, muka auna saman duwatsu, tsakiya, kan yashi da kowace kusurwa. Da lambobin suka cika takardar sai ga taswira ta fito: nan saman dutse za a sa masu rassa, nan gefe masu kaurin nama, can ƙasa masu laushi. Sannan ya buɗe manhajar fitilar a wayarsa ya tsara yini: haske ya fara da shuɗi siriri, ya hau a hankali, ya tsaya a ƙololuwa kamar awa takwas, ya sauko, dare kuma ya zama dare sosai. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan duk wannan kuɗin, sai ya rage ƙarfin ya dawo daidai da abin da tsohuwar fitilar ke bayarwa. Ya ce murjanin sun saba da wancan, in aka watsa musu sabon haske gaba ɗaya za su yi fari cikin 'yan kwanaki. Kaɗan-kaɗan zai riƙa ƙarawa duk mako, har wata guda ko fiye, yana duban launinsu da yadda suke buɗe hannuwa. In ya kai inda yake so kuma, sai ya cire hannunsa, domin yawan taɓa saiti shi ma cuta ne.

Na tambayi kaina ko za a iya wannan kiwo a gida. Da wuya, sai mai sola da batura masu ƙarfi. Ɗauke wuta na 'yan awoyi ya isa ya tsayar da famfo iska ta ƙare a ruwa, zafin bazara kuma da ke haura digiri 40 zai dafa akwatin in ba na'urar sanyaya. Ko tekunmu ta kudu ma ba ta da irin waɗannan tuddai, saboda laka da ruwan daɗi da Neja da sauran koguna ke kwararawa suna hana haske shiga. Amma darasin ya shafe mu. Na'urar da na riƙe a daren nan, irinta masu noman rumfa ke auna haske da ita a kan tumatir da tattasai. Muna da rana wadda mutanen can ke kashe dukiya su kwaikwayi ɗan yankinta, amma ɗalibanmu na aikin gona nawa ne suka taɓa riƙe abin auna ta, su san nawa ke isa ga dashe a ƙarƙashin rumfa, nawa ƙurar hunturu ke tarewa? Ina ganin wannan gibi ne da za a iya cikewa ba da kuɗi mai yawa ba.

Na dawo ta hanyar da na tafi, na tarar da hunturu bai gama ba. Bayan wani lokaci ɗan nawa ya aiko mini da hoto: ya sa 'yan rassan Acropora a saman dutsen, bakin kowane reshe ya yi ɗan fari-fari, ya ce wannan farin na sabon ƙashi ne, alamar girma. Fitilun kuwa ko kusa da ƙarshen ƙarfinsu bai kai ba.

In wani naka ya tashi sayen irin wannan fitila, gaya masa ya fara sanin halittar da zai kiwata da girman akwatinsa kafin ya dubi sunan kamfani, ya fifita bazuwar haske a kan ƙarfinsa, ya auna kada ya yarda da idonsa, ya kuma ƙara a hankali. Kai kuma da kake shirin Umara, ka sani Bahar Maliya na cikin tekunan da suka fi kyawun murjani a duniya, kuma tuddansa suna nan dab da gaɓar Jidda. Alhazanmu sun yi shekaru suna wucewa ta kansu ba su sani ba. In ka sauke ibadarka, ka ware yini guda ka nemi mai jirgin ruwa ya kai ka, ka je da hantsi lokacin da rana ke shiga ruwa sosai, ka gani da idonka.